Jami'in sirrin da ba zai kwana uku a Maradi ba

Akwai salon labarin da ya kama kasuwa a wayoyin masu karatun Hausa. A ɗauki saurayi jami'in tsaro, a sauya masa suna, a tura shi cikin yaran wani babban ɗan siyasa don ya gano mai ba da umarnin kashe-kashe. Ya shiga, ya samu yarda, ya kamu da son 'yar mai gidan, asiri ya tonu, sai harbe-harbe har shafin ƙarshe. Galibi daga Kano da Kaduna da Katsina suke iso mana, ta WhatsApp da Wattpad, wasu kuma a saurare su a YouTube ana karantawa. A nan Maradi ana bin su a fada, wato majalisar hira da shayi ta samari, kafin shayi na biyu ya nuna, ana bin su a ɗakunan ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, matan aure ma ba a bar su a baya ba.

Masu karatun ba bakinsu ɗaya ba. Wasu faɗan suke so, in babi ya wuce ba a fasa wa kowa baki ba sai su ce marubucin ya fara jan rai. Wasu soyayyar ce ta riƙe su, tambayarsu kullum ita ce ko yarinyar za ta yafe masa ranar da ta gane ɗan sandan ciki ne. Akwai iyaye da malaman lakwal masu ganin irin wannan karatu yana koya wa yara daba. Sai rukuni na huɗu, wanda na fi ba wa nauyi: direbobi, ma'aikatan likita, tsofaffin sojoji, 'yan kasuwar kan iyaka, mutanen da labarin ya ratsa ta cikin sana'arsu. Su ba sa cewa littafi ya yi daɗi ko bai yi ba. Shafin da suka daina yarda da shi suke nuna maka. Kuma kusan kullum shafin yana zuwa tun kafin a harba harsashi ko ɗaya.

Wurin da labarin ke fara yoyo shi ne asalin jarumin. Marubuci zai ba shi sabon suna da katin shaida na jabu, ya ɗauka an gama. A garin Hausa kuwa kati shi ne abu na ƙarshe da za a tambaye ka. Tambayar farko ita ce ɗan gidan wa ne kai. Ka ce daga Tasawa kake, sai wani a gefen tabarma ya ce wace unguwa, wa ke limancin masallacinku, ka san wane mai sayar da goro a bakin tasha. Kafin la'asar an buga waya Tasawa. Ba don ana zarginka ba, haka zaman yake, kowa yana neman inda zumunci ya haɗa ku. Wanda ya ce shi maraya ne marar dangi, dabarar da marubuta suka fi so, ya ƙara jawo ido ne kawai, domin marayan ƙasar Hausa yana da kawu da gwaggo da unguwar da aka yi masa suna.

Sai baki. A turo jami'i daga Kano ya zauna a unguwar Bagalam ko Mokoyo ta Maradi a matsayin ɗan gari, jimlarsa ta farko za ta sayar da shi. Zai ce asibiti inda muke cewa likita, ya ce kwalta inda muke cewa gudro, ya ce an ɗauke nepa mu kuwa kuran muka sani, ya nemi ɗan acaɓa alhali kabu-kabu ne a bakin titi. Lissafin kuɗi ya fi duka kama mutum. Mai shayi ya ce masa dala ashirin, sai ya tsaya yana juya abin a kai kafin ya gane tamma ɗari ake nufi. Wannan ɗan jinkirin na daƙiƙa biyu ya isa. Ɗan gari ba ya lissafa dala, a bakinsa take. Haka in an tsokane shi da wasan taubasantaka, Bagobiri ya ja Bakatsine, ko Bafillace ya ja Babarbare, dole martanin ya fito nan take da irin zafin da aka saba. Wanda ya yi murmushi ya yi shiru ya nuna ba ya cikin wasan.

Jiki ma yana magana. In an ce jarumin ya ɓoye a matsayin ɗan kabu-kabu, to a nuna mana ya san kuɗin kowace tafiya daga babbar kasuwa zuwa Ali Ɗan Sofo, ya san inda ake sayen mai a kwalba da inda ake haɗa shi da wani abu, a ga tabon ƙunar salansa a ƙwaurinsa, a ga idonsa ya yi ja saboda ƙura. Wanda ya yi shekaru a bariki yana da tsayuwarsa, yana da yadda yake taka ƙasa, yana da yadda hannunsa ke komawa baya idan babba na magana. Tsohon soja yana gane ɗan uwansa daga nesa ko da riga da hula ya sa. Har salla tana cikin lissafi: wane masallaci yake zuwa, yana sakin hannu ko yana ɗorawa a ƙirji, yana zama wazifa ko yana tashi da an sallame. A Maradi wannan kaɗai yana gaya wa mutane su wa ka taso a cikinsu, kuma in ka ce kai ɗan gidan wane ne amma sallarka ta saɓa da ta gidan, za a lura.

Tarihinmu ya riga ya gwada wannan. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, shugabanninta suka yi gudun hijira, sauran suka koma aiki a ɓoye. A 1964 mayaƙanta, waɗanda suka samu horo a ƙasashe irin su Gana da Aljeriya da Sin, suka shigo ƙasar a ƙananan rukunoni ta kan iyakoki. 'Yan ƙasa ne, suna jin harshen, suna da makamai. Duk da haka ba su daɗe ba aka kama mafi yawansu, domin baƙuwar fuska a ƙauye ba ta ɓoyuwa, kuma gwamnatin Diori Hamani ta sa masu gari da talakawa farautarsu. A watan Afrilun 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin idin babbar salla a Yamai, bai same shi ba. In mutanen da suka yi shekaru suna shiri sun kasa ɓacewa cikin jama'arsu, yaya baƙon da aka ba wa horon mako biyu a babi na uku?

Shi ya sa masu sanin aikin suke cewa marubutan sun juya abin. Hukuma ba kasafai take dasa jami'inta cikin ƙungiya ba, don yana da tsada, yana cin lokaci, kuma in ya tonu an yi asarar mutum. Abin da aka fi yi shi ne a nemi wanda yake ciki tun asali, direban mai gida ko mai dafa masa shayi ko yaron da aka hana rabonsa, a riƙe shi da kuɗi ko da wata tuhuma da ke kansa. Shi ne ɗan rahoto. Jami'i ɗaya ke kula da shi, su biyu suka san juna, suna da ranar haɗuwa da wurin da ganinsu tare ba zai ba kowa mamaki ba, kamar garejin gyaran babur ko layin jiran likita. In kuma dole sai an dasa jami'i, ana gina masa labari kusa da gaskiyarsa: garinsu na ainihi, sana'ar da ya taɓa yi da hannunsa, sunan da in an kira shi daga baya zai waiwaya ba tare da tunani ba. Ƙarya ɗaya ake so ya riƙe, ba ashirin ba. Kuma aikin watanni ne na zama da sauraro, yawancinsa gundura. A nan nake ganin marubutanmu suna zubar da dukiya, domin ɗan rahoton da ke cin tuwo a gidan da yake tona wa asiri, wanda uwar gidan ke kira ɗana, ya fi jarumi mai naushi ban tsoro da ban tausayi nesa ba kusa ba.

Ƙorafi na biyu na masu karatun wannan ɓangaren iyaka shi ne a kawo labari Nijar amma a taho da hukumomin Najeriya. Za ka ga jami'an farin kaya na DSS suna kame a unguwar Zariya ta Maradi, ko gwamnan Maradi yana yawon neman a sake zaɓensa. Gwamna a Nijar naɗa shi ake yi, haka ma shugaban gunduma. Kafin juyin mulkin 2023, hukumar zaɓe CENI ce, zaɓen shugaban ƙasa kuma zagaye biyu ake yi in babu wanda ya haura rabi, kuma tsakanin zagayen biyu ne aka saba cinikin ƙawance, wato daidai inda labarin maƙarƙashiya ya kamata ya zauna. Cikin gari 'yan sanda ne, komisariya ake kai mutum. Ƙauye da manyan hanyoyi na jandarma ne, su kuma ƙarƙashin ma'aikatar tsaro suke. Gidan kaso da gine-ginen hukuma 'yan garda ke gadi. Leƙen asiri na ƙasa yana hannun DGDSE, ba ta da alaƙa da komisariyar unguwa. Wanda aka kama ana tsare shi awa 48 a binciken farko, ana iya ƙarawa, shari'ar ta'addanci kuwa wa'adinta ya fi haka tsawo kuma Yamai ake kai ta. Daga nan sai mai shigar da ƙara na gwamnati, sai alƙali mai bincike, wanda zai iya shafe watanni yana tattara fayil kafin a shiga zauren kotu. Babu lauyan da zai miƙe ya yi ta ihu kamar a fim ɗin Amurka.

Hanya ma haka. Maradi zuwa Yamai ya haura kilomita 650, ta Gidan Runji da Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, bas yana cin wuni guda, ga shingayen bincike inda ake sauke fasinja a duba kati. Jarumin da ya bar Maradi bayan isha'i da gawa a but ya isa fadar shugaban ƙasa kafin sha biyun dare, direbobin tasha dariya suke masa. Ta kudu kuwa akasin haka ne: Ɗan Isa kusan kilomita 40 ce, Katsina ba ta kai 100 ba, kuma wanda ya san hanyoyin daji a kan babur ba ya bi ta kwastan. Marubucin da ya san wannan zai gane cewa mai laifi a Maradi ba Yamai yake gudu ba.

Maganar bindiga ba ta da tsawo. Gidan harsashin Kalashnikov talatin yake ci. In aka danne kunama aka bar ta a sake, cikin daƙiƙa uku ya ƙare, don tana fitar da kusan 600 a minti. To jarumin da ya yi shafi huɗu yana ɓarin wuta bai sauya gida ba, daga ina? Nauyinta da harsashi ya kai wajen kilo huɗu, ba a ɓoye ta a ƙarƙashin riga a zauna a sha shayi. Abin rage ƙara da ake ɗaura wa ƙaramar bindiga yana rage ƙarar ne kawai, maƙwabci zai ji. Ma'aikatan likita kuma abin da ke ba su haushi shi ne harbin kafaɗa da marubuta suka mayar kamar cizon sauro. A kafaɗa akwai babbar jijiyar jini da jijiyoyin da ke motsa hannu da gaɓa mai wuyar gyara. Jinin babban mutum wajen lita biyar ne, in babbar jijiyar cinya ta yanke ana iya rasa shi cikin 'yan mintuna in ba a ɗaure sama da raunin da ƙarfi ba. Tono harsashi da wuƙar da aka gasa a wuta, abin da kowane littafi ke yi, yakan fi barinsa ɓarna, kuma abin da ke kashe wanda ya tsira daga zubar jini shi ne ruɓewar ciwo bayan kwana biyu ko uku. Wanda aka buga wa gindin bindiga a ƙeya ya suma awa uku, ba tashi zai yi ya kama gudu ba, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu.

Waya ta fi bindiga kama mutane yanzu, amma littattafan ba su fahimce ta ba ta kowane ɓangare. Wani marubucin zai sa jarumi ya cire layi ya karya ya sa sabo, shi ke nan ya ɓace. Ita wayar kanta tana da lambarta, wadda kowa ke iya gani in ya danna *#06#, kuma tana tafiya da kowane layin da aka sa mata. Wani kuma zai sa jami'i ya kalli kwamfuta ya ce mutumin yana ɗaki na biyu a bene na sama. Eriyar kamfanin waya yanki take nunawa, a cikin gari unguwa, a ƙauye kuwa faɗin kilomitoci. Sauran aikin na ƙafa ne da tambaya. Kuɗi ma suna da jiki. Takarda mafi girma a sefa jika goma ce. Miliyan ɗari ke nan takarda dubu goma, ɗauri ɗari, wajen kilo goma, jaka guda ta ɗauke. Amma miliyan ɗari na naira a takardar dubu ɗaya takarda dubu ɗari ce, kusan kilo ɗari, buhun gero guda cur. 'Yan canji na ganin an ce yaro ya saƙale ta a kafaɗa ya haura katanga sai su ajiye wayar.

Inda muhawarar ta fi zafi shi ne yadda ake zana tashin hankalin siyasa kansa. Littattafan suna son mugu guda ɗaya, alhaji mai babbar riga da dariyar ƙeta, wanda in an kashe shi gari ya zauna lafiya. Masu karatun da suka ga zaɓe da idonsu sun san abin sarƙa ne. Babban ba ya ba da umarni da bakinsa, ba ya ma son ya san sunan yaran. Akwai na kusa da shi mai riƙe jaka, akwai shugaban matasa na unguwa, akwai mai raba kuɗin mai da riga mai hoto da ƙwayar tiramol, sannan yaran da za su fita. Kowane mataki yana yanke rabonsa, wanda ya riƙe gora a ƙasa shi ke samun mafi ƙanƙanta, shi ne kuma ake kamawa. Jami'in sirri ko ya yi shekara a cikinsu, abin da zai iya shaida a kai shi ne mataki ɗaya sama da shi. Wannan shi ne ainihin wahalar aikin, kuma da wuya ka ga littafin da ya taɓa ta. Sannan sunayen ba ɗaya ba ne: 'yan daba na Kano ne, ƙauraye na Katsina, sara-suka na Bauchi, kalare na Gombe, 'yan fale na Damagaram. Fadar Maradi kuwa asalinta wurin hira ne da shayi da taimakon juna ranar biki. 'Yan siyasa sun sha neman ta lokacin kamfe, gaskiya ne, amma marubucin da ya mayar da kowace fada sansanin 'yan ta'adda ya ɓata wa masu karatunsa rai, don a fadar ake karanta shi.

Wani abin da masu karatun Nijar ke lura da shi, na Najeriya ba su cika damuwa da shi ba: a tarihinmu babban haɗari ga mai mulki daga cikin gida yake fitowa. A daren 15 ga Afrilun 1974 sojoji suka kifar da Diori, matarsa Aissa ta rasa ranta a fadar. A 1983 na hannun daman Seyni Kountché ne, Bonkano, ya yi yunƙurin kifar da shi. Ranar 9 ga Afrilun 1999 masu gadin Ibrahim Baré Maïnassara ne suka harbe shi a filin jirgin Yamai, aka fito a rediyo aka kira abin hatsari. Ranar 26 ga Yulin 2023 ma rundunar tsaron fadar ce ta tsare Mohamed Bazoum. Wanda ya taso da wannan tarihin, in ka kawo masa maharbi daga ƙasar waje ya hau rufin bene da bindiga mai madubi, zai ce ka kalli fim da yawa. Kuma ƙarshen da ake so a littafi, inda kotu ke ɗaure babban cikin mako biyu jama'a na tafi, bai yi kama da abin da aka sani ba. Kundin tsarin mulkin 1999 afuwa ya yi wa waɗanda suka yi juyin mulkin 1996 da na 1999.

Game da masu cewa littattafan na lalata yara, ina ganin sun kama wani abu amma ba ta inda suke zato ba. Babu yaron da zai koyi harbi daga labarin da bai san harsashi nawa bindiga ke ci ba. Abin da ke damuna shi ne gawar da ba ta da suna. A kashe mutum goma sha biyu a shafi ɗaya, babu wanda aka yi wa wanka, babu zaman makoki, babu matar da ta shiga takaba. A jihar da tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun 'yan bindiga, inda ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji suka san satar mutane da kora shanu cikin dare, mai karatu ya san abin da ke biyo bayan ƙarar bindiga. Ya san ana sayar da gona a biya fansa. Wasu daga cikin masu tura wa marubuta saƙo suna roƙon a ƙara faɗa, wasu kuma, kuma ba 'yan kaɗan ba ne a nan, suna tambayar ina uwar yaron nan da jarumi ya harbe a bakin ƙofa a babi na tara, wanda ko sunansa ba a faɗa ba.

Masu son soyayyar su ma suna da hujjarsu, ko da yake ana yi musu dariya. Sun ce in jarumin ya nemi auren 'yar gidan da sunan ƙarya, to wa zai je neman auren? Sai an turo manya, sai an yi bincike, sai dangin yarinya sun aika mutum garinsu ya tambayi halin gidansu har kakanni. Hukumar da ta iya buga katin jabu ba ta iya ƙera kawu da unguwa da limamin da zai ce ya san shi tun yana yaro. Ranar da aka sa maganar aure, ranar aikin ya ƙare, ko an harba bindiga ko ba a harba ba.